Ɗan Kachia a Gidan Malam Kong

Gajiyar jirgi ta sake ni a kwana uku, amma gajiyar bakinku har yanzu tana kafaɗata. Da na ce na je ƙasar Sin, kun ce to, madalla, ina tsaraba. Da na ƙara da cewa na shiga gidan wani malami da ya rasu shekara 2,500 da suka wuce, kuma har gobe ana share masa tsakar gida, sai aka fara kallon-kallo a bencin mai shayi. Wani dattijo ya turo hularsa gaban goshi, ya dubi mai shayin ya ce, "Rage masa siga, ya fara hau masa kai." Wani kuma ya aiko mini da saƙo a waya, wai hoton da na nuna ma ɗan Caina ne, kada a bari ruwa ya taɓa shi, zai zuba.

To, ku gyara zama. Yau ɗaya bayan ɗaya zan bi ku. Wanda aka taka wa ƙafa ya yi haƙuri, shi ya miƙo ta kan hanya.

Na fara da kai, Kawu, mai tambayar me ya kai ɗan Kachia Sin, kuma wa ya biya. Citta ce ta kai ni, ita ce kuma ta biya, ko da yake daga aljihun wani ta fito. Ai ba ka manta damunar 2023 ba, lokacin da cutar nan ta afka wa gonakin citta daga Kachia har Kagarko da Jaba, ganye ya yi rawaya, aka tona ƙasa aka tarar da ruɓa. Waɗanda suka ci bashi suka zuba a gona sun fi ni sanin labarin. Bayan wannan ne wani yayana, wanda ya daɗe a harkar busasshiyar citta, ya ce zai je ya ga yadda Sinawa suke adana iri, da irin injinan da suke yanka da busarwa. Yana neman mai riƙe masa jaka da biro. Aka duba dangi kaf, aka ga ni ne wanda in ya yi mako biyu ba ya nan babu aikin da zai tsaya.

Lardin da muka sauka sunansa Shandon, a gabashin ƙasar, kuma ta fuskar citta shi ne Kachiarsu. A wajen Laiwu manoma suna haƙa rami mai zurfi kamar rijiya, da ɗakuna a ƙasa, su jera ɗanyar citta a ciki ta yi watanni ba ta bushe ba, ba ta lalace ba. Mu nan muna kiran tamu tafin giwa. Da na ga tasu sai na ji wa giwarmu kunya: ƙatuwa, sumul, kamar an shafa mata mai. Sai da na gutsura hankalina ya kwanta. Ruwa ne. Yatsun biri guda ɗaya namu zai kori tuli nasu daga tukunya.

Ranar da ba mu da aiki, tafintanmu, wani saurayi mai gilashi, ya ce mu je Cufu, tafiyar kamar awa biyu ce. Yayana ya ce me ake sayarwa a can? Ya ce ba komai, gidan wani malami ne. Yayana ya ja bargo ya juya wa bango fuska. Sai yaron ya ce, ai malamin nan, a littafin da almajiransa suka tara maganganunsa da halayensa, an rubuta cewa ba ya rabuwa da citta a wurin cin abinci. Yayana ya yaye bargon.

"Ashe mutumin kirki ne. Ina takalmina?"

Yanzu ku 'yan bokon bencin baya, masu cewa ai sunan mutumin ma da Turanci ruɗani yake nufi. Kun ji Kwanfushiyas, kunnenku ya zame ya faɗa kan wata kalma. Sunan gidansu Kong. Sinawa suna ce masa Kongzi ko Kong Fuzi, wato Malam Kong. Limaman Katolika da suka shiga Sin shekaru ɗari huɗu da suka wuce su suka lanƙwasa sunan ya dace da bakin Latin, kamar dai yadda Bature ya tarar da Sakkwato ya bar mana Sokoto.

An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, a wata ƙaramar ƙasa mai suna Lu. Yana ɗan shekara uku mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta rene shi cikin rashi. Ya yi aikin lura da rumbunan hatsi, ya yi na lura da garken dabbobi, ya yi ta hawa har ya zama babba mai kula da shari'a. Daga nan ya saɓa da masu mulki, ya naɗe tabarmarsa, ya yi kimanin shekara 14 yana yawo ƙasa ƙasa da almajiransa, yana neman sarki ɗaya tak da zai yarda cewa da kyakkyawan hali ake riƙe talakawa, ba da dorina ba. Bai samu ba. Ya komo gida da furfura, ya ci gaba da koyarwa, ya rasu a 479. In da a ma'aunin bencin nan ne, mutumin ya faɗi ƙasa warwas: bai gina gidan sama ba, bai bar tirela ba, ko kansila bai naɗa ba. Da cewa za ku yi, "Allah sarki, ga ilimi ba sa'a."

Kuɗin makarantarsa ne ya fi ba ni dariya. Duk wanda ya zo da ɗan ƙunshin busasshen nama, ɗan sarki ne ko ɗan talaka, ya zama almajiri. Kilishi, jama'a. Kuɗin Larabarsa ke nan. Ana cewa ya koyar da mutum 3,000, guda 72 suka yi zarra. Yayana ya yi lissafi da yatsu ya ce ashe malamin ya ci kilishi, shi ya sa yake neman citta.

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 478, sarkin Lu ya sa aka keɓe gidansa mai ɗaki uku, aka ajiye tufafinsa da littattafansa da abin kiɗansa da keken dokinsa. A 195 kafin Miladiyya, Liu Bang, wanda ya kafa daular Han, ya zo da kansa ya yi gaisuwa. Daga nan kowane babban sarki ya zo sai ya ƙara zaure, ya ƙara ƙofa, ya kafa dutse da sunansa don kada a ce bai zo ba. Wani daga cikinsu, Cianlon, sau takwas ya je. Ɗaki ukun nan yanzu sun zama harabar da tsawonta daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita guda, tsakar gida tara a jere, ɗakuna sama da 400. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1994.

Na ji ka, Baba. Ka ce katangarka da aka yi da siminti damuna uku ta yi ta kwanta, wane gini ne zai yi shekara 2,500? Yau dai ka yi gaskiya, a rubuta ranar. Ginin da na gani bai kai haka ba. Katako ne, kuma wuta ta sha cinye shi. Tsawa ta faɗa masa a 1499 ya ƙone, aka sake ginawa. Ta sake faɗa masa a 1724, aka kammala sabon a 1730. Wannan "sabon" shi na shiga, kuma ya girmi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da shekara 24. Abin da ya tsufa a wurin shi ne taurin kan mutanen: in ya ƙone su sake kafawa a gurbinsa, da sunan mutum ɗayan nan. Kai kuwa, Baba, tubalan katangarka har yanzu suna nan inda suka zube, awaki sun mai da su wurin hutawa.

Tun kafin ka kai ƙofar farko akwai wani allon dutse da aka rubuta umarni cewa kowa ya iso nan ya sauka daga kan doki, komai girman rawaninsa. Ku da kuka saba cire takalmi a ƙofar fada kun gane. Bambancin shi ne a nan mai fadar ne yake saukowa ya taka da ƙafa, saboda malamin makaranta.

Kowace ƙofa tana da dokin ƙofa na katako mai tsayi, ya kusa kai ƙwauri, kuma ba a taka shi, tsallakewa ake yi. Tafinta ya faɗa mana, na ce na ji. Ina tafe ina ɗaga kai ina kallon rufi, babbar riga ta harɗe ni, sai ga ni a ƙasa rub da ciki a gaban wasu tsofaffin mata 'yan yawon buɗe ido. Ɗaya ta tafa mini. Yayana ya ce da tafinta, "Gaya musu haka muke gaida malamai a garinmu." Na faɗi wannan da bakina ne don na san ya riga ya ba ku labarin, kuma ya ƙara masa gishiri.

Ciki kuwa inuwa ce ta tsofaffin itatuwa, wasu sun tsufa har an tokare su da ƙarfe kamar dattijo da sanda. Ga allunan dutse jibga-jibga, kowanne ya ninka tsayin mutum, an ɗora su a bayan wata dabba ta dutse mai kama da kunkuru mai haƙora. Rubutu ne a jikinsu tun daga sama har ƙasa: sarki wane ya zo, ya gyara kaza, ya ce kaza. A tsakiya akwai wata rumfa da aka gina don tunawa da inda ake cewa malamin yana zama a gindin bishiya yana ba da karatu. Da na gan ta sai na tuna makarantar allonmu ta gindin mangwaro. Tamu an sare mangwaron an yi shagon cajin waya.

Babban zauren shi ne Dacen. Rufinsa na tangaran ne rawaya, launin da a da babu mai sa shi a rufi sai babban sarki. A gabansa ginshiƙai goma na dutse, kowanne kusan mita 6, dutse guda ba haɗi, an sassaƙa dodannin nan nasu masu jikin maciji da farata suna naɗe da shi, kamar in ka yi tari za su juyo. Masu yi wa baƙi jagora suna cewa in sarki zai zo, sai a lulluɓe ginshiƙan da alharini, don kada ya ga sun fi na fadarsa kyau ya yi fushi. Wannan kam na yarda ba tare da shaida ba. Wanda ya taɓa ɓoye sabuwar mota saboda maigidansa zai zo gari ya san haka ake yi.

Sai tambayar da ta fi kowace zafi. Goggo ta aiko a tambaye ni, kuma a rana ɗaya maƙwabcina dattijon coci ya tare ni da ita a bakin masallaci, abin da ya nuna mini cewa in dai a kan tuhumata ne, kan Kachia a haɗe yake.

"Ka yi wa gunki sujada ko ba ka yi ba?"

Goggo, ranki ya daɗe, goshina bai taɓa ƙasa ba sai a faɗuwar nan ta bakin ƙofa, ita ma gabas da gunkin take da nisa. Amma ba zan ɓoye miki ba: akwai mutum-mutumin malamin a cikin zauren, zaune da hular sarauta. Akwai turaren tsinke yana hayaƙi. Na ga mutane suna rusunawa sau uku. A da can har yanka ake yi, sa da tunkiya da alade. Na tsaya a gefe da hannuna a baya, na yi kallo, na wuce. Shi dai mutumin bai taɓa cewa shi abin bauta ne ba, bai ce an aiko shi da wahayi ba, kuma an san shi da kauce wa dogon zance a kan aljanu da abin da ke bayan mutuwa. Karatunsa a kan zaman duniya ne: haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya, na talaka a kan sarki, ladabin ƙarami, nauyin babba, yadda ake zaman makoki, yadda ake karɓar baƙo.

Kuma kada ku ɗauka ku kuka fara wannan gardama. Kai dattijo, naku sun yi ta fiye da shekara ɗari. Wani limamin Katolika ɗan Italiya, Matteo Ricci, wanda ya rasu a Bejin a 1610, ya ce girmamawa ce ta al'ada, Kirista zai iya yi. Wasu limaman suka ce atafau bauta ce. Fafaroma ya hana a 1715, aka ƙara jaddada hanin a 1742, sai a 1939 wani Fafaroman ya sassauta. Namu kuma, Goggo, Musulmin Sin sun yi malamai irin su Liu Zhi na birnin Nanjin, wanda ya ƙoshi da littattafan Malam Kong kafin ya zauna ya rubuta tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da harshen Sinanci, yana aron kalmomin da mutanensa suka riga suka sani. Saboda haka in kuna so ku yanke hukunci a zaman shayi ɗaya, bismillah, amma ku biya kuɗin shayin tukuna.

Na lura kuna jira in jawo maganar nan ta neman ilimi har birnin Sin, don Malam na ƙarshen benci ya yi tsalle ya ce ingancinta da magana. Ba zan jawo ba. Malam, mai da takobinka kube.

Abin da ya cika wurin, bayan tsofaffi masu hoto, iyaye ne da 'ya'yansu 'yan makaranta. Suna sayen wani ɗan katako ja, su rubuta sunan yaro da makarantar da yake so, su rataye. Dubbai, har sun yi labule. Jarrabawar shiga jami'a ake tsoro, wadda a 2024 yara fiye da miliyan 13 suka yi rajistar zamanta. Tsoron kuma gado ne. Kimanin shekara 1,300 Sinawa suka yi suna ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa a kan littattafan Malam Kong, ba a soke ta ba sai 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. A ƙa'ida, ɗan manomi zai iya cin jarrabawar ya zama gwamna ba tare da takardar wani babba ba. A zahiri kuwa, sai gidan da zai iya ciyar da ƙato shekara ashirin yana hadda ba ya noma, kuma mata ko ƙofar ba a bari su leƙa. Ban ce muku aljanna ce ba. Amma ku dubi abin: ƙasa guda ta yarda cewa a tambayi mai neman mulki me ya karanta kafin a tambaye shi ɗan wane ne.

Ina Kanawa? Na ga saƙonku, abokan wasa. Wai ku da kuke zuwa Caina kamar zuwa Wudil ba ku taɓa jin wannan wuri ba, saboda haka babu shi. Alhaji, kai Gwanzu ka sani, ita ma daga otal zuwa shagon atamfa, daga shagon atamfa zuwa wurin auna kaya, sai gidan abincin da ake tuƙa tuwo. Da za a ce maka akwai ragin naira biyar a yadi a ƙofar gidan Malam Kong, da tuni an buɗe masa layi a Kantin Kwari. To ga abin da zai shafe ku, ku masu alfahari da jerin sarakuna. A 1055 babban sarkin Sin ya ba jikokin malamin wata sarauta ta gado. A lissafin tarihin Kano, Bagauda ne yake kan gado a lokacin. Sarautar ta yi ta bin gidan har 1935, kuma na ƙarshe da ya riƙe ta, jika na 77, ya rasu a Taiwan a 2008. Gidan da suka zauna yana nan jikin harabar malamin, da zauren shari'arsa da komai.

A 2009 dangin suka sake buga littafin salsalarsu: mujalladi 80, sunaye kimanin miliyan 2. A karon nan ne aka fara sa mata, aka kuma sa reshen da ya musulunta, don akwai 'yan gidan Kong Musulmi a lardin Gansu. Goggo, kin ji, har da masu salla a jikokin. Yanzu kowa a bencin nan ya faɗa mini sunan kakan kakansa. Ina jira. Kai da ka ce "Baba Tsoho", wannan ba suna ba ne, zauna.

Maƙabartarsu tana arewa da gari, daji guda ce da katanga, mutum sama da 100,000 na gida ɗaya suna kwance a ciki. Kabarin malamin tudun ƙasa ne kawai da ciyawa da dutse a gaba. A gefensa akwai ɗan ɗaki don tunawa da wani almajirinsa, Zigon. Sauran almajirai sun yi zaman makoki shekara uku suka watse, shi ya ƙara uku, ya cika shida a bukka kusa da kabarin. Kuma ɗan kasuwa ne, mai kuɗi. Alhaji, shekara shida ba a buɗe shago ba. Sha ruwa.

Kada ku ce na dawo ina yi wa Sinawa kirari. Da yawa daga allunan dutsen nan, in ka matsa kusa, za ka ga tsaga ta ratsa su, an ɗinke da siminti da ƙarfe. Na tambayi tafinta ko girgizar ƙasa ce, ya yi ɗan shiru ya ce a'a, mutane ne. A watan Nuwamba na 1966, zamanin Mao, matasa 'yan jan kyalle suka zo daga Bejin, suka farfasa duwatsu, suka fito da mutum-mutumin malamin suka ƙone, suka tona kaburbura, wai tsohon tunani ne ya hana ƙasa ci gaba. Jagororinsu ɗaliban jami'ar horar da malamai ne. Ba kuma shi ne karon farko ba. A 213 kafin Miladiyya wani sarki ya sa a ƙone littattafai, sai wani jikan malamin ya ɓoye nasu a cikin bango, aka tsince su bayan shekaru da dama da aka zo rushe bangon. Daga baya gwamnatin jam'iyyar da ta fasa duwatsun ita ce ta buɗe cibiyoyin koyar da Sinanci da sunansa a duniya, har da Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka. Masu mulki dai ko'ina halinsu ɗaya: malamin da ya mutu ya fi daɗin sha'ani, ba ya yajin aiki.

A gaban wani fasasshen dutse ne tafinta ya yi mini tambayar da ta hana ni barci. Cikin ladabi ya ce, ku a garinku me ake yi a zamanin Malam Kong? Na buɗe baki zan ce daji ne, sai na tuna.

Nok, jama'a. Nok ta ƙasar Jaba, kusa da Kwoi, wadda kuke wucewa da buhunan citta ba ku ko rage gudu. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara tono a yankinmu a 2005 suka yi sansani a Janjala ta Kagarko, sun nuna cewa mafi yawan mutum-mutumin yumɓun nan an gasa su ne tsakanin kimanin 900 da 300 kafin Miladiyya. Ku ɗora 551 zuwa 479 a kai, ku ga inda ya faɗa: kusan tsakiya. Ranar da Malam Kong yake karɓar kilishi a gindin bishiya, a nan bayan gidanmu wani gwani yana zaune yana fitar da ido mai kusurwa uku da kitso mai hawa-hawa a jikin yumɓu. Mutanensa suna noma gero da wake, suna cin atili, suna ɗibar zuma, har sun kai ga narka ƙarfe.

To me muka yi da namu? A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da ɗaya a Nok. Wajen 1943 aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kai na yumɓu da aka tono a ƙasar Jama'a, nan wajen Kafanchan. Kafin ya kai hannunsa, kan nan ya yi shekara guda a gonar doya, an kafa shi a sanda yana korar dabbobi. Sinawa sun yi wa na zamaninsa rufin sarauta, mu mun ba namu aikin gadi, ba albashi. Fagg ne ya gane dangantakarsa da na Nok, ya raɗa wa al'adar suna, ya kuma kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Daga baya da aka ji abin kuɗi ne, sai aka shiga tono da dare ana fitarwa. A shekara ta 2000 sai ga wasu a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga ƙarshe aka amince mallakar Najeriya ne, amma suka ci gaba da zama can da sunan aro.

Gwanin da ya yi kan Jama'a, hannunsa bai gaza na wanda ya sassaƙa ginshiƙan Cufu ba, in kun ga hoton za ku yarda. Sunansa ne babu. Nok ma sunan ƙauyen da aka fara tsinta ne, ba sunan da suke kiran kansu ba. Malam Kong ya yi dacen almajirai masu alƙalami, waɗanda har abin da yake ci sai da suka rubuta, shi ya sa yayana ya san ya tashi ya nemi takalmi. Namu gwanin wataƙila shi ma yana da abin da ba ya cin tuwo sai da shi, amma babu wanda ya rubuta.

Kafin ku fara gyaɗa kai kuna cewa gwamnati, ku bari in tona wa kaina asiri. Akwai ɗan gidan tarihi a ƙauyen Nok. Ni da aka haifa a Kachia, na hau jirgin sama, na kwana a hanya, na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, na je na faɗi a ƙofar malamin wasu, amma ban taɓa taka ƙafata a Nok ba. Da tafinta ya ce in kwatanta masa wurin, sai na kama tari, na laluba aljihu na ciro guntun busasshiyar yatsun birin da nake tafe da ita saboda sanyi, na miƙa masa don in sauya zance. Ya karɓa da hannu biyu, ya jefa a baki gaba ɗaya kamar yadda ya saba da tasu. Sai da ya cire gilashi. Hawaye shaɓe-shaɓe, yana nuna maƙogwaro, yana neman ruwa da yaren da ko shi bai san shi ba. Yayana ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Da wannan malaminku ya samu, da almajiran sun fi 72."

Saboda haka ranar Asabar mai zuwa na yi shatar mota zuwa Nok, kujera goma sha huɗu. Kawu, kai ne a gaba. Goggo ta ce za ta je ta tabbatar ban yi sujada ba, dattijon coci zai zauna kusa da ita don shaida ta cika biyu. Kanawa su zo da kuɗin mansu, ba a karɓar alkawari. Shi kuma mai hular nan da ya ce a rage mini siga, ya aiko cewa zai je in ni zan biya, kuma a tambaya masa ko ana sayar da kilishi a hanya.